Abin da Na Zana a Tafin Hannun Babanku

Kun sha tambayata, ke Balkisu a fili, kai Nasiru ta bakin matarka, abin da na rubuta a tafin hannun babanku ranar da zai bar duniya. Na ji wasu sun ce addu'a ce. Wasu kuma, waɗanda ba su manta tsohuwar magana ba, sai suka kalli juna. Ba addu'a ba ce, ba kuma abin da masu kallon junan suke zato ba ne. Amma ba amsa ce da ake bayarwa a tsaye ba. Sai na koma da ku shekarar da idonsa ya rufe, lokacin kuna can makarantar kwana, kuna zuwa hutu ku ci tuwo ku koma, ba ku san an yi komai a gidan nan ba.

Babanku manomin albasa ne tun tasowarsa, a fadamar Danchadi, ni kuwa ina koyarwa a firamare a Bodinga, in fita da safe in dawo bayan azahar. Mun yi zaman lafiya, ba zan ce ba mu yi ba, amma irin zaman mutanen da. Ban taɓa kiran sunansa ba, yau ma ba zan rubuta shi a nan ba, kun san shi ai. Shi ma Malama yake ce mini, yadda ɗalibaina suke faɗa. In na kawo ruwa sai in durƙusa in ajiye, ya ɗauka bayan na janye hannu. Rana ba ta taɓa ganin hannuna a cikin nasa ba. Ku da kuke tafiya da iyalinku kafaɗa da kafaɗa a kasuwa za ku ce wahala ce. Mu ba mu san da wata wahala ba, haka muka tarar ana yi, muka kuma ɗauka iyakar abin ke nan.

Yanar ido ta zo masa a hankali. Da farko ya ce rana ce ta yi ƙarfi. Daga baya ya ce mutanen yanzu duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ba ya gane su. Sai ranar da ya tsaya yana gaida turken awaki da ladabi, har yana tambayarsa gajiya, sannan ya yarda akwai magana. Na ce mu je asibiti a Sakkwato, ya ce sam. Kun dai san labarin wansa, Baba Ummaru, wanda wani mai magani mai yawon kasuwa-kasuwa ya soke wa ido da tsinken ƙarfe, ya ƙare kwanansa cikin duhu da raɗaɗi. Babanku ne ya riƙe kan wansa ranar da aka yi abin. Tun daga ranar, a wurinsa duk wanda zai kusanci ido da ƙarfe mutum ɗaya ne, ko yana zaune a kan buzu ko yana sanye da farar riga. Aka girbe albasar ranin nan ba da idonsa ba, aka zuba ta a rudu, wato rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ajiye ta iska na ratsa ta. Shi kuwa ya zauna a tsakar gida a kan tabarma. Mutumin da ba ya iya zama ko na shan fura, ga shi ya wuni wuri ɗaya. Zamansa ya fi makantar ba ni tsoro.

Akwai kuma wani littafi, wata 'yar bautar ƙasa ce ta bar shi a kabad ɗin ofishinmu na makaranta da ta gama shekararta. Na Turanci ne, mai kauri, ba bango, shafukan farko ma sun tafi, don haka har yau ban san sunansa ba balle wanda ya rubuta shi. Na buɗe shi ne don in ga ko takardar za ta yi naɗin alli, sai na farga an buga ƙararrawa tuntuni, yara sun cika ajina da ihu. Labarin wata mata ce mai gyaran tsofaffin agogai a wani birni mai sanyi. Ta buɗe cikin wani agogo ta ga an zana wata alama, kafin ta rufe shi an kashe mai agogon, kafin ta gama kuka ana bin ta. Ashe wata ƙungiya ce ta asiri, tsohuwa, mambobinta ba su san fuskar juna ba, da alamomi suke magana, a jikin gada, a murfin rijiya, a bayan agogon tashar jirgi. Kowane babi a guje yake ƙarewa. Na zo da shi gida a jaka, bayan la'asar na zauna nesa kaɗan da tabarmarsa ina karantawa a zuci.

"Malama, mi kika karantawa hak kin mance da mutum?"

"Labarin Turawa na, ba shi da amhwani gare ka."

"To ni da ba ni ganin komi, mi ad da amhwani gare ni? Hwaɗa mini in ji."

Haka aka fara. Ina karanta Turancin da ido, ina faɗa masa da Hausa, inda ban gane ba in cike da nawa, ba wanda zai kama ni. Bai yi motsi ba har muka kai inda matar ta ga alamar. A littafin an zana ta a tsakiyar shafi: dogon zagaye a kwance, a cikinsa ramin makulli. Na kwatanta masa da baki, ya ce bai gane ba. Na sake kwatantawa da ƙwai da ƙofar ɗaki, ya girgiza kai. Sai ya miƙo hannunsa, tafin a sama, yadda ake miƙa wa mai duba ƙaya. Na waiga, ba kowa a gidan sai kaji. Na matso na tallafi bayan hannun da hagu, na sa yatsa na zana. Tafin nan kaushi ne kamar bayan ƙwarya, da tsagar fartanya a gindin babban yatsa da ban san da ita ba, ni da na haifa masa 'ya'ya. Na gama zanen, bai janye ba.

"Ban gane ba," ya ce. "Sake."

Na sake. Daga ranar, duk alamar da ta fito a littafin, haka ake yi. Ba ya taɓa ganewa a karon farko, wani lokaci har a na biyu. Ni da nake yi wa yara tsawa in sun sa ni maimaita darasi, ban taɓa jin haushin wannan ɗalibin ba.

Ba a daɗe ba amininsa Ɗan'ige ya zo gaishe shi, ya tarar da mu a tsakiyar babi. Ɗan'ige, in kun tuna, shi ne gajeren nan mai dariya kafin ya faɗi abin dariyar, gonarsa na jikin tamu. Babanku ya ba shi labarin daga farko, washegari sai ga shi da wasu manoma, duk abokan fadama. Tunda ba zan zauna cikin maza ba, aka shirya yadda za a yi. Su suna zaure, ni ina daga ciki bakin ƙofa, asabari a sake tsakaninmu, babanku yana zaune jingine da ƙofar. In alama ta fito, sai in ga hannu ya ratso ta ƙarƙashin asabarin. In zana, ya ce in sake, in sake, sannan ya janye ya zana musu a rairayin zauren abin da ya ji a tafinsa. Su a ganinsu hanya ce kawai ta isar da saƙo ga makaho, ba wanda ya ga abin magana.

Daminar nan ba na iya tuna ta daki-daki, ta haɗe mini ta zama la'asar guda mai tsawo. Hadari ya taso ta gabas, iska ta kaɗa asabari, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraya da warin albasa daga rudu, ni kuwa ina ba da labarin dusar ƙanƙara da ban taɓa gani ba ga mutanen da ba su taɓa jin ta ba. Birnin nan mai sanyi ya taso ya zauna a Danchadi. Gadar da ke littafin ta zama 'yar gadar da muke bi zuwa Bodinga, rijiyarsu ta zama ta bayan masallaci. Matar suka sa mata suna Mai Agogo, mai bin ta kuma Dogo, saboda na ce musu dogo ne mai safar hannu. Wani lokaci in ɗaga kai daga shafi in rasa inda nake, ina jin ƙarar jirgin ƙasa a kunnena, ashe ruwa ne a kan kwano. Gero ya yi kai, ya yi bununi, ya nuna, Mai Agogo tana ta gudu ba ta huta ba. In aka kira magariba na rufe littafi, sai zauren ya ɗauki gunaguni.

"Malama, ki yi ma Allah ki ƙara shahi guda," in ji Ɗan'ige. "Matag ga tana bisa jirgi, Dogo shina bayanta, kuma ki ce mu tashi mu bar ta?"

"Ba ta zuwa ko'ina, gobe kuna iske ta nan."

"Wai garin nan nasu ana albasa?" wani ya tambaya.

"Da ana yi da sun samu aikin yi, ba su tsaya bin macce da gudu ba," in ji babanku.

Ranar na ji dariyarsa irin ta da, ta farko tun da idon ya rufe. Na riƙe littafin a ƙirji ina murmushi ni kaɗai a bayan asabari.

Yanzu ga inda maganar ta samo tushe. Kun san kowane manomi yana yi wa buhunsa alama kafin a loda a mota, don kada a cakuɗa a kasuwa. Babanku da hannunsa yake rubuta sunansa da ajami a kowane buhu, abin alfaharinsa ne, bai taɓa bari wani ya yi masa ba. Shekarar nan ba ya iya rubutun, amma akwai zane ɗaya da hannunsa ya haddace ba sai da ido ba. Ya tsoma yatsa a shuni ya bi buhunan nan ɗaya bayan ɗaya yana zana alamar farko ta littafin. Abokansa suka ga ta yi kyau, kowa ya zaɓi tasa daga cikin waɗanda ya gani a rairayi. Suka kuma ɗauko gaisuwar 'yan ƙungiyar littafin suna yi wa juna don wasa. Dattawa da gemu, su haɗu a tsakiyar kasuwar Bodinga, ɗaya ya sunkuyo ya rage murya ya ce ƙarhe nawa, ɗayan ya amsa lokaci bai yi ba, su rabu suna ƙunshe dariya. Ga kuma abu na uku. Saboda kada ya rasa babi, babanku ya yi ta ɗaga ranar kai albasa kasuwa, yau gobe, yau gobe, har ta yi wuya a gari. Da ya fitar da tasa, ta yi tsadar da bai taɓa gani ba. Muka sake rufin ɗakuna, ya sayi injin ban ruwa. Mu mun san Mai Agogo ce ta jawo, amma wa zai yarda da wannan?

Alamar kuwa, daga shafi zuwa tafi, daga tafi zuwa rairayi, daga rairayi zuwa buhu, ta sauya kama. Zagayen ya tsuke a gefe biyu, ramin makullin ya zama ƙwayar tsakiya da jela tana zubowa. Duk wanda ya kalli buhun, ido yake gani yana hawaye. Samarin da ke lodi suna da wayoyi, sun ga irin wannan ido a ciki a matsayin alamar ƙungiyoyin asiri, suka nuna wa juna. Mu ne ƙarshen ji. Gwaggonku Kulu, yayar babanku da ke aure a Shagari, ita ta kawo mana, ta shigo ko mayafi ba ta sauke ba.

"Kai ɗan'uwana, mi nika ji Shagari? Cewa aka kun shiga ƙungiya. Cewa aka ka ba da idanunka, anka ba ka albasa."

Babanku ya yi dariya har da tari.

"Kada ka yi mini dariya. Hal Lambara maganag ga ta kai. Ga ido nan bisa buhu shina kuka, ga naka sun ruhe, ga sabon rufin kwano. Wa za ka hwaɗa ma labarin agogo shi yarda?"

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya sa aka wanke sauran buhunan, suka daina gaisuwar wasan, liman ma da kansa ya tsaya bayan salla ya ce ya san mutumin nan tun suna yara, a ji tsoron Allah. Mutane suka ce to, suka tafi da abinsu a ciki. Zaure ya fara raguwa, wannan matarsa ta hana shi, wancan surukinsa ya yi magana, har ya rage Ɗan'ige kaɗai, shi ma dariyarsa ta tafi. Babanku yana da al'ada, duk shekara in ya sayar sai ya aika wa maƙwabta da kwandon albasa. Shekarar nan kwandon gidan Sahabi ya dawo. Sahabi da suka yi kiwon awaki tare, da aka yi musu kaciya rana ɗaya. Aka ajiye kwandon a bakin zaure ba ko sallama. Babanku ya laluba ya taɓa albasar, ya ji ba a ɗauki ko ɗaya ba, ya koma tabarmarsa. Ranar bai ce in yi karatu ba. Mutumin nan bai tara komai a duniya da ya kai sunansa ba, ina kallo ana kwashe shi a gabansa, shi kuma ba ya ko ganin masu kwasar.

Na yi kwanaki ina juya abin a raina, a aji, a mota, a bakin murhu. Ba rantsuwar da za ta wanke shi, ba wa'azin da zai wanke shi. Abu ɗaya ne zai kashe maganar: idon da aka ce ya sayar a gan shi a buɗe. Na kuma san in aka taɓa idon bai buɗe ba, an tabbatar musu ke nan har abada, za a ce masu shi sun hana. Akwai kuma abu na uku da na sani, wanda ban faɗa wa kowa ba, ban ma yarda na faɗa wa kaina sosai ba. Wata la'asar na fito da littafin, saura kaɗan ya ƙare, Mai Agogo ta kai ƙofar ɗakin da shugaban ƙungiyar yake. Na zauna, amma ban buɗe ba.

"Ba ni ƙara karanta ko layi guda," na ce, "sai ka ga shahin ga da idonka."

Ya gyara zama a kan tabarmar.

"Kin san abin da ni' gani ranar Ummaru."

"Na sani. Wanga ba shi na ba."

"In ba su buɗe ba hwa?"

"Mu dawo mu zamna da abin da Allah Ya yi. Amma ba ka zamnawa ana cewa ka sai da su, kana da halin nuna ba ka sai da ba."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya rage tasa, ko da yake ba kowa a gidan.

"To in sun buɗe, Malama, da wane dalili za ni miƙo hannu?"

Ashe shi ma ya sani. Na tashi na shiga ɗaki wai zan duba wani abu. Na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa muku. Shekarar nan ta makanta ita ce mafi daɗi a duk zamana da babanku, kuma ni ce na tashi da hannuna zan rufe ta. Da na fito ya ce in aika a gaya wa Ɗan'ige ya nemo mota.

Na asibiti ba shi da tsawo. Ya shiga yana karanta duk abin da ya haddace, ya fito da auduga a ido ɗaya yana mamakin wai har an gama. Washegari da safe likita ya cire audugar. Babanku ya ƙifta, ya kalli taga, ya kalli Ɗan'ige, sannan ya juyo ya tsaya a kaina ya daɗe, har na sunkuyar da kai.

"Malama," ya ce, "ashe kin yi hurhura."

Ɗan'ige ya fashe da dariya yana share hawaye da hannun riga. Bayan 'yan watanni aka yi ɗayan idon. Amma maganar gari ba ta jira na biyun ba. Ranar kasuwar Bodinga ta farko bayan ya warke, ya ƙi a riƙe masa hannu, ya ƙi sanda, ya ratsa layin 'yan albasa shi kaɗai mutane na darewa. Ɗan'ige ne ya ba ni labarin. Babanku ya hango Sahabi can nesa wajen masu igiya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sahabi! Hulakka ta karkace!"

Sahabi ya kai hannu ya taɓa hular, ta kuwa karkace. Da la'asar sai ga shi a zaure ya zo gaisuwa, ya zauna yana ta murza yatsun ƙafa, bai san ta inda zai fara ba. Babanku bai bar shi ya fara ba, ya ce a kawo wa Sahabi kwandon albasarsa da ya mayar. Wasu 'yan tsiraru sun ce ai ƙungiyar ce ta mayar masa da idon, amma wannan ko masu faɗa ba su yarda da ita ba, ta mutu da kanta. Sunansa ya dawo masa cif, da shi aka binne shi, kun gani da idonku yawan mutanen da suka zo.

Littafin mun ƙarasa shi, zaure ya sake cika. Amma yanzu in alama ta fito, littafin ne yake ratsa ƙarƙashin asabari, ya zaga hannun maza ya dawo. Ƙarshen labarin ma ban riƙe shi ba, na san dai an kama Dogo, shugaban ƙungiyar kuma ya zama wani wanda ba a zata ba, Ɗan'ige ya rantse shi tun farko ya sani. Abin da na riƙe shi ne ranar da muka dawo daga asibiti, ya ce in buɗe masa shafin alamar farko. Ya kusantar da shi ga idon da aka gyara, ya daɗe yana kallo.

"Wagga ramin makulli ta, ba ido ba. Kuma 'yak ƙarama ta. Ke kuwa sai ki daɗe bisa hannu awa mai zanen gari duka."

"Don ka gane da kyau na."

"Na gane tun ranah hwarko," ya ce, ya rufe littafin ya miƙo mini.

Muka koma zamanmu na da. In kawo ruwa in ajiye, ya ɗauka bayan na janye hannu. Kada ku ce me ya hana mu, ai ba wanda ya hana. Mun girma a haka ne, ba mu san yadda ake yi ba tare da dalili ba. Wani lokaci ina tankaɗe ko ina duba littattafan yara, in ɗaga kai in ga yana kallona da idanun nan da aka buɗe masa, in ya ga na gani sai ya tambaye ni ko an ba awaki ruwa. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya. In da za a mayar da ni la'asar ɗin nan, haka zan sake rufe littafin. Amma na yi kewa, shekara da shekaru, ina zaune kamu ɗaya da abin da nake kewar.

Sai ciwonsa na ƙarshe. Kuna nan ai, ɗakin cike, gwaggonku Kulu a bakin ƙofa da carbi, la'asar ta yi sanyi, hadari na haɗuwa. Idonsa garau yake har ranar, ya bi ku da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina sai ya rufe idanun da kansa, ya runtse su sosai, ya zaro hannu daga mayafi ya miƙo, tafin a sama. Kai Nasiru ka ɗauka ruwa yake so, har ka ɗauko kofi. Ni na san makaho ne ya dawo. Na matso a gaban kowa, a gaban yayarsa da 'ya'yansa da surukansa, na tallafi bayan hannun da hagu, na zana dogon zagaye a kwance, na zana ramin makulli a ciki, a hankali yadda na saba. Kun ga leɓensa ya motsa, kuka ce me ya ce, na yi muku shiru. Ga abin da ya ce.

"Ban gane ba, Malama. Sake."

Na sake.